Tsagar Bango da Amanar Rai: Darasin Rana Plaza

A ranar 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a garin Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladesh. Mutum fiye da 1,100 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, akasarinsu maɗinka tufafi.

Abin takaici, an ga alama kwana ɗaya kafin ruftawar. Bango ya tsattsage, aka fitar da jama'a, banki da shagunan ƙasa suka rufe. Amma da gari ya waye aka tilasta wa maɗinka komawa bakin aiki, har da barazanar hana albashi. Da wuta ta ɗauke aka tayar da manyan janareto a sama, girgizarsu ta ƙarasa ginin.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin lalurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, kuma a fiƙihu wanda sakacinsa ya jawo ɓarna yana ɗaukar lamuni. Saboda haka faɗin "ƙaddara ce" ba ya wanke ubangidan da aka gargaɗa ya yi kunnen uwar shegu.

Mu da muke ɗaukar magina, leburori da yaran shago, amanarsu tana wuyanmu. Mu gyara wayar lantarkin da ta lalace, mu bar ƙofar fita a buɗe, mu tanadi hular kwano da safar hannu. Wanda ya hango haɗari kuwa, mu saurare shi ba tare da ya ji tsoron rasa abincinsa ba. Allah Ya tsare mu da sakaci.