Gajarta da ƙofar jami'a: ina gaskiya, ina ƙari?

Maganganu biyu ake ji a bakin ɗaliban lise da iyayensu a yankin Madarunfa idan jarrabawar BAC ta ƙarato. Wasu na cewa gajere ba shi da rabo a manyan makarantu, wai sai an auna tsawon mutum kafin a ɗauke shi. Wasu kuma na cewa a Amurka gajarta garaɓasa ce: ka rubuta musu labarin ba'ar da ka sha, su ba ka gurbi har da kuɗin karatu. Kowace da 'yar gaskiyarta, amma ƙarin da aka yi mata ya fi ta yawa.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010, ba ta auna tsawon kowa, haka ma ta Abdou Moumouni a Yamai. Takardar BAC da makin ɗalibi ake dubawa. Inda ake tsayar da mutum a jikin ma'auni shi ne aikin ɗamara, soja da jandarma da 'yan sanda. A tsallaken iyaka, rundunar sojan Najeriya tana neman namiji ya kai mita 1.68, mace kuma 1.65. Daga nan maganar ta samo tushe, aka shafa ta ga kowace makaranta.

Batun Amurka kuwa, gaskiya ne jami'o'i da yawa a can suna neman ɗalibi ya rubuta ɗan bayani a kan kansa. A tsarin neman shiga jami'a na Common App ba a wuce kalmomi 650, kuma an yarda mutum ya zaɓi duk abin da ya ga dama, har da tsawonsa. Sai dai ba a ba da gurbi don tausayi. Masu karantawa suna son su ga yadda ɗalibi yake tunani da abin da ya aikata. Yarinyar da ta rubuta cewa ana kiran ta 'yar guntuwa ta yi kuka, ba ta faɗa musu komai ba tukuna. Wadda ta ba da labarin yadda take taka bulo ta kai saman allo don ta warware wa 'yan ajinsu lissafi da yamma, ita ta nuna musu ko wace ce. Duk da haka sai maki ya yi kyau, Turanci ya nuna. Tallafin da ƙungiyar Little People of America take bayarwa kuma na masu larurar wadanci ne da iyalansu, bai shafi duk wanda ya ga kansa gajere ba.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda ake yi a gida, a gaban yaro: wai gajere ba ya ja a karatu. Gajarta iri-iri ce, kuma haɗa su wuri guda zalunci ne. Akwai ta gado, wadda ita ce mafi rinjaye inda abinci ya wadata, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan ba ruwanta da ƙwaƙwalwa. Akwai wadanci, wanda mafi yawan nau'insa larurar ƙashi ce, hankalin mai ita daidai yake da na kowa, kuma galibin masu ita iyayensu masu matsakaicin tsawo ne. Sai ta uku, tsumburewa, wadda ita ce ciwonmu.

Yaro yana tsumburewa ne idan abinci mai gina jiki ya gaza a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, ga gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna ta maimaita kansu. Uwa ƙaramar yarinya da haihuwa kusa da kusa suna ƙara tsananta abin. Kusan rabin yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin wannan hali, a jihar Maradi kuwa adadin ya haura rabi. Shi ya sa ido ba ya kama shi: idan duk yaran unguwa sun gaza tsawon shekarunsu, sai a ce haka jininmu yake. Ba haka ba ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida, har da Gana da Indiya da Norwe, aka kuma ga cewa yaran da suka sami shayarwa da kulawa mai kyau suna tashi kusan bai ɗaya har shekara biyar.

Yunwar da ta tauye ƙashi tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, domin lokaci guda suke ginuwa. A Gwatemala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka wani kunu mai madara da sinadarin gina jiki. Da aka bi sawunsu bayan sun girma, mazan da suka sha shi kafin shekara biyu ladan aikinsu ya fi na sauran da kashi 46 cikin ɗari, matan kuma sun fi daɗewa a makaranta. Wannan lissafin jama'a ne, ba hukunci a kan ɗa guda ba. Yaron da ya tsumbure yana iya yin fice a aji idan ya sami malami da kulawa.

Iyaye mata da yawa suna zaton igiyar nan mai ja da rawaya da kore da ake ɗaura wa yaro a damtse ta gama faɗin komai. Rama take aunawa. Tsawon ƙaramin yaro sai an kwantar da shi a kan katakon awo, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya danne gwiwa ya tura katakon zuwa tafin ƙafa, sannan a gwada da watanninsa. Yaro yana iya faɗawa cikin kore alhali ya tsumbure. Plumpy'Nut, wanda ya ceci dubban yara a Maradi tun yunwar 2005, maganin tamowa mai tsanani ne, ba ya maye gurbin nonon uwa zalla na wata shida, da kunun da aka ƙara wa gyaɗa da wake, da ƙwai, da kifin tafki, da zogalen Jiratawa.

Ƙwayoyin ƙara tsawo da ake talla a Facebook da TikTok kuwa asarar kuɗi ce. Da zarar bakin ƙasusuwa ya rufe a ƙarshen balaga, babu ƙwaya ko motsa jiki da zai ƙara ko santimita ɗaya. Masu kafa hujja da Lionel Messi su sani cewa likitoci sun gano jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin girma tun yana yaro, aka yi masa allurai kafin ƙashinsa ya rufe, ya tsaya a mita 1.70. Yaron da ƙannensa suka wuce shi, ko tsawonsa ya tsaya cak shekara guda, a kai shi asibiti a duba sikila da tsutsar ciki da maƙoƙo tun da sauran lokaci.