Fondu na cakulan: kwano ɗaya, tsinke shida

Duk lokacin da aka gama jarrabawar ƙarshen zango, aka ce abokai za su haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu, kusan kowa ya san abin da zai tarar: dafa-duka, cincin da zoɓo mai sanyi, kowa da farantinsa a cinya, ido a kan waya. To akwai wani abin ci da ba ya yarda da irin wannan zama. Sunansa fondu na cakulan. Narkakken cakulan ne a kwano ɗaya tsakiyar tabarma, kowa riƙe da tsinke, yana soka yankan ayaba ko dabino yana tsomawa. Wanda ya tsaya latsa waya, kafin ya ɗago kai an suɗe kwanon.

Haɗa shi ba ya cin minti 20. Sai dai cakulan na da tsada, kuma yana da saurin fushi. Ɗigon ruwa kaɗan, ko wuta da ta yi yawa, sun isa su mayar da kuɗin da mutum shida suka yi karo-karo ya koma wani dunƙule mai tauri da ko cokali ba ya shiga. Duk wanda ya gane dalilin haka tun kafin ya kunna wuta, ya riga ya ci rabin aikin.

Daga tsaunukan Suwizalan zuwa New York

Kalmar fondu daga Faransanci take, ma'anarta abin da aka narkar. Fondu na asali kuwa babu ruwansa da cakulan. Abincin mutanen Suwizalan ne, ƙasar nan mai tsaunuka da dusar ƙanƙara a tsakiyar Turai. Suna narkar da cuku a tukunyar ƙasa, a ɗora ta a kan ƙaramar wuta tsakiyar tebur, kowa ya riƙa tsoma gutsuren burodi da dogon cokali mai yatsu. A shekarun 1930 ƙungiyar masu sayar da cuku ta ƙasar ta dage wajen tallata shi, don mutane su ƙara sayen cuku, har ya zama abincin da ake gane ƙasar da shi. Ƙaramin murhun da suke ɗora tukunyar a kai, da Faransanci ana ce masa “resho”. Daga wannan kalma ce Hausa ta aro sunan rishon kananzir da ke ɗakin girkin gidajenmu.

Na cakulan ɗin ƙanensa ne na baya-bayan nan, kuma a Amurka aka haife shi. Wani mai gidan abinci ɗan Suwizalan, Konrad Egli, shi ya fito da shi a gidan abincinsa mai suna Chalet Suisse a birnin New York a shekarun 1960, da cakulan ɗin Toblerone, wanda ake yi a birnin Bern tun 1908.

Abin mamaki, itacen koko ba ya fitowa a Suwizalan ko ɗaya. (A kula, kokon da ake cakulan da shi muke nufi, ban da wanda ake sha da ƙosai da safe.) Itace ne na wuri mai zafi da yawan ruwan sama, asalinsa daga nahiyar Amurka, amma yau Kwaddibuwa da Ghana su biyu kaɗai suna noma fiye da rabin kokon duniya. Najeriya ma tana cikin manyan masu noma shi, musamman jihohin Ondo da Kuros Riba, kuma da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan, wanda aka buɗe a 1965. Abin da mutanen Suwizalan suka ƙware a kai shi ne sarrafawa. A 1875 Daniel Peter ya haɗa cakulan da madara a garin Vevey. A 1879 kuma Rodolphe Lindt ya ƙera injin da ke ta murza cakulan na tsawon sa'o'i har ya yi santsi, ya daina ƙasa-ƙasa a baki. Idan kun ga farashinsa ya yi sama a kanti, akwai dalili: a 2024, bayan rashin kyawun amfanin gona a Afirka ta Yamma, kuɗin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya karo na farko.

Me ya sa ɗigon ruwa ke ɓata shi?

'Yan ajin kimiyya, ga naku. Sandar cakulan ba komai ba ce illa garin sukari da garin koko masu laushi ƙwarai, suna warwatse cikin wani mai da ake kira man koko. Kusan babu ruwa a cikinta. Man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34 na ma'aunin Selsiyos, jikin ɗan Adam kuwa yana kan 37. Shi ya sa cakulan ke narkewa a kan harshe ba tare da an tauna ba, shi ya sa kuma wanda ya saya a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya jefa a jaka, zai isa gida da kunu.

Idan aka narkar da shi zalla, sai ɗigon ruwa ya faɗa ciki, ruwan ba zai haɗu da mai ba. Wajen sukarin zai nufa, ya jiƙa shi sama-sama, ƙwayoyin su manne wa juna su dunƙule. Ku tuna abin da ke faruwa idan aka sa jiƙaƙƙen cokali a robar sukari. Nan take cakulan mai sheƙi zai koma kamar tuwon da ya kwana. Amma da za a zuba ruwa ko madara mai yawa, sukarin zai narke gaba ɗaya, komai ya sake gudana. Wato kaɗan ne ke ɓatawa, mai yawa kuma ya gyara. Wannan shi ne sirrin fondu: madarar tana shiga tun farko, kuma da yawanta, don haka sukarin ba ya samun damar dunƙulewa.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi. Baƙin cakulan ba ya son ya wuce kimanin digiri 50, mai madara da fari kuwa sun fi shi raki. Gindin tukunyar da ke kan gas kai-tsaye ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Cakulan ɗin zai kama, ya yi ɗaci da ƙauri, kuma wannan ɓarnar ba ta da magani. Dunƙulewa ana gyara ta, ƙonewa sai dai haƙuri.

Yadda ake haɗawa

Don mutum shida, a nemi cakulan gram 300 zuwa 350, da madarar ruwa ta gwangwani kamar mililita 150. A Turai kirim mai kauri suke sawa, amma samunsa a nan sai manyan kantuna, kuma madarar gwangwani tana yin aikin sarai. A sayi cakulan zalla, wanda babu biskit, gyaɗa ko wani abu a cikinsa. A ganina rabi baƙi rabi mai madara ya fi, domin mai madara shi kaɗai zaƙinsa na ginsar mutum bayan tsomi huɗu ko biyar, baƙin zalla kuma wasu za su ce da ɗaci. A karanta bayan takardar kafin a biya kuɗi, domin akwai cakulan na ƙasashen waje da ake sa wa giya a ciki. Idan kuma kun buɗe kun ga fari-fari a jikinsa kamar ƙura, kada ku zubar. Man koko ne da ya narke ya sake daskarewa, kuma zai ɓace da zarar ya ji zafi.

A yanka cakulan ɗin ƙanana-ƙanana da busasshiyar wuƙa. A zuba ruwa kaɗan a tukunya, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a bari ya tafasa, sannan a rage wuta sosai ko a kashe ta. A ɗora kwanon silba a bakin tukunyar yadda zai zauna daram, gindinsa bai taɓa ruwan ba. Tururi ne zai yi aikin. A zuba madarar a kwanon, idan ta yi zafi amma ba ta tafasa ba, a juye cakulan a ciki. Daga nan a ƙyale shi minti biyu ba tare da juyawa ba. Wannan jiran shi ne ya fi wuya, musamman idan mutum biyar na tsaye a kanka kowa na ba da shawara. Bayan nan a juya a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Da farko zai yi kamar ya ɓaci, launi biyu-biyu, can sai a ga ya haɗe ya ɗauki sheƙi. A barbaɗa gishiri ɗan mitsitsi, yana fito da ɗanɗanon koko. Mai so zai iya ƙara garin kirfa ko citta kaɗan.

Gwajinsa da sauƙi: a tsoma yankan ayaba a ɗaga. Idan cakulan ya lulluɓe ta yana ɗiga a hankali, ya yi. Idan ya yi kauri, a ƙara madara mai ɗumi cokali ɗaya-ɗaya. Mai sanyi daga firji za ta daskarar da shi. Idan ya yi ruwa, a ƙara cakulan.

Idan karo-karon bai kai kuɗin sandunan cakulan ba, kada a fasa taro, kada kuma a matsa wa wanda aljihunsa bai kai ba. Garin koko marar sukari babban cokali 6, sukari cokali 6, bota cokali 3 da ƙaramin gwangwanin madara ɗaya, a dama su a kan tururin nan, za su ba da abin tsomi mai kyau. Ba zai yi santsin wancan ba, amma kwanon ba zai yi saura ba. Wanda bai iya kawo kuɗi ba kuwa, ya kawo mangwaron gidansu.

Abin tsomawa

Nan ne muka fi mutanen Suwizalan gata. Ayaba ita ce sarauniya. Abarba na biye da ita, domin tsaminta na yanke zaƙin cakulan. Dabinon da aka cire wa ƙwallo yana hawa tsinke da kyau, sai dai zaƙi a kan zaƙi ne, ya fi dacewa da baƙin cakulan. Akwai tuffa, yankakkiyar kwakwa, mangwaron da bai nuna luguf ba, burodin da aka ɗan gasa, da fanke ƙanana. Masu zama kusa da Jos, inda ake noman sitiroberi, sun tsinci dami a kala. Cincin da biskit ba sa sokuwa, da hannu ake tsoma gefensu. Kankana kuwa a bar ta a gefe a sha daban, ruwanta zai tsinka kwanon.

A wanke 'ya'yan itatuwa da ruwa mai tsabta tun da wuri, a tsane su sosai da kyalle mai tsabta, domin cakulan ba ya kama jiƙaƙƙen abu, zamewa yake yi. Ayaba da tuffa suna baƙi idan suka sha iska, don haka a yanka su a ƙarshe, ko a ɗan matsa musu lemon tsami. Dogon cokalin Turawa kuma ba dole ba ne. Sababbin tsinken tsire sun wadatar.

Dokokin kwano

A ɗauko tukunyar ruwan zafin da kwanon a kanta, a ajiye a kan faifai tsakiyar tabarma. Ɗumin ruwan zai riƙe cakulan a narke na ɗan lokaci, idan ya fara kauri a sauya ruwan da wani mai zafi daga filas. Wannan ya fi kunna kyandir ko kurfoti a tsakiyar mutum shida masu miƙa hannu, ga gyale ga hannun riga. A nemi izinin masu gida kafin a taɓa gas ko risho, a kuma nesanta ƙananan yara daga tukunyar.

Cin abinci a kwano ɗaya ba baƙon abu ba ne gare mu, mun san kowa gabansa yake ci. To a fondu babu gaban kowa, duk wuri ɗaya ake tsomawa, don haka dokar ta fi tsauri. Abin da aka gutsira ba ya komawa kwano. Tsinken da ya shiga baki ma haka. A tsoma, a zare a ɗan faranti, a ci da wani tsinken ko da hannu. Mai mura a zuba masa nasa a kofi, ba wulaƙanci ba ne. Sannan a tambayi kowa tun kafin ranar ko akwai abin da jikinsa ba ya so. Wasu mutane gyaɗa kaɗan na iya kumbura musu baki ta toshe musu numfashi, kuma cakulan da yawa ana yin sa ne a masana'antun da ke sarrafa gyaɗa, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a bayan takardar.

Mutanen Suwizalan suna da al'adar cin tarar duk wanda burodinsa ya suɓuce ya nutse a tukunya. Wani lokaci a sa shi waƙa, wani lokaci ya sayi abin sha ga kowa. Ku ma ku yanke taku tarar kafin a fara, kuma wanke-wanke ya fi kowace dacewa, tunda ayaba ta fi burodi santsi kuma da wuya a tashi ba a sami mai laifi ba. Kafin ya kai kwanon wurin wanki, a zuba madara mai zafi kofi biyu a kan abin da ya manne a gindi, a juya sosai, a raba a ƙananan kofuna.