Mutum-mutumi Mai Aiki: Yadda 'Yan Sakandare Ke Gasar Ƙira

Duk manomin shinkafa a Yauri ko Shanga ya san mutum-mutumi. Ana kafa shi a gona da tsumma da kara, don ya kori tsuntsu. Amma akwai wani iri na zamani, na ƙarfe da roba. Shi wannan yana tafiya, yana ɗaukar kaya, yana bin umarni. Yara 'yan makarantar sakandare suna haɗa shi da hannunsu, har su shiga gasa da shi.

Yaya yake aiki?

Abu uku ne ke sa shi motsi. Na farko ido, wato ƙaramar na'ura mai gane launi da nisan abu. Na biyu ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Na uku inji da batir, masu juya taya da hannu. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, inji ya aikata. In ɗaya ya lalace, aiki ya tsaya.

Shi ya sa yaro ɗaya ba ya iya wannan aiki. Sai an yi ƙungiya. Wani ya ɗaura ƙarafa, wata ta rubuta umarni, wani ya tuƙa a ranar gasa. Malami yana nuna hanya, amma yara ne ke yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gasar 2017

A watan Yuli na 2017 an yi babbar gasa mai suna FIRST Global a birnin Washington na Amurka. Ƙasashe fiye da 150 suka tura yaransu, har da Nijeriya. An ba kowace ƙungiya kayan haɗi iri ɗaya, don kada mai kuɗi ya fi talaka.

Batun gasar shi ne ruwan sha. An zuba ƙwallaye a fili. Shuɗi yana nufin ruwa mai tsabta, ruwan goro yana nufin ƙazanta. Aikin mutum-mutumi shi ne ya tsince su, ya raba kowane da wurinsa, cikin ɗan lokaci kaɗan.

Waɗanda suka fi jan hankali 'yan mata shida ne daga birnin Herat na Afganistan. Sau biyu ana hana su izinin shiga Amurka. Ba su karaya ba. Daga baya aka ba su izini, suka je, suka dawo da lambar azurfa ta jarunta.

Ina amfaninsa a bakin tafki?

Gasar ba wasa kawai ba ce. Ana koya wa yaro ya dubi matsalar garinsu, ya nemo mata magani. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, rayuwar mutanen Yauri, Ngaski da Shanga ta ƙara ɗaurewa da tafki. Akwai ciyawar da ke rufe hanyar ruwa ta hana su. Akwai gurɓataccen ruwa mai kawo ciwon ciki. Akwai haɗarin jirgi, kamar wanda ya faru kusa da Warrah a watan Mayu na 2021, inda rayuka da yawa suka salwanta.

Yaron da ya iya haɗa ido da ƙwaƙwalwa da inji zai iya ƙera abin da zai yi ƙara in kaya sun yi wa jirgi yawa. Zai iya gyara injin ban ruwa da fitilar hasken rana.

Abin da iyaye za su yi

Ba sai da kuɗi mai yawa ake farawa ba. Yaron da ke ƙera mota da gwangwani ko kara ya riga ya kama hanya. Kada a ce masa ɓata lokaci yake yi. A ba shi tsohuwar rediyo ya kwance. A bar 'ya mace ta gama sakandare, ta riƙe lissafi da kimiyya. A taron iyaye da malamai, a nemi makaranta ta buɗe ƙungiyar ƙira. Da ma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.