Daga Madina Zuwa Jabal al-Lauz: Ranar Da Muka Bi Sawun Dusar Ƙanƙara

Wannan tafiya ta samo asali ne daga wani ɗan bidiyo da ɗan kawuna da ke karatu a Kanada ya turo mini a ƙarshen 2021. Jirgi mai saukar ungulu ne ya kwashi mutane ya dire su a ƙololuwar wani dutse fari fat, ya tashi abinsa, su kuma suka sulalo ƙasa a kan katakan zamiya. Wai hutun kwana uku ke nan! Da na bincika, ashe tun 1965 wani jagoran masu hawan dutse, Hans Gmoser, ya fara wannan sana'a a duwatsun Bugaboos na Kanada, kuma 'yan kwanakin nan kan ci dubban daloli.

To ni da aka haifa a Madina, fasfo na Najeriya, zama da iƙama, ina ni ina bizar Kanada? Da na nuna wa Baba, dariya ya yi: "Kai da ko Kano sau biyu ka taɓa zuwa, ƙanƙara kake nema?"

Amma mu ma muna da namu arewan. Jabal al-Lauz, a yankin Tabuka kusa da iyakar Jodan, tsayinsa ya haura mita 2,500, kuma dusar ƙanƙara kan sauka a kansa a wasu lokutan hunturu. Matsalar ita ce ba ta jiran kowa, kwana ɗaya ko biyu ta narke. Don haka da labari ya bazu a farkon Janairun 2022 cewa ta sauka, muka yi karo-karo muka ɗauki hayar mota.

Mu biyar muka shirya, mu huɗu muka tafi. Na biyar ɗinmu, aminina tun muna yara, iƙamarsa ta ƙare ba a kai ga sabuntawa ba, ga shingayen bincike a hanya. A nan aka haife shi, bai san wata ƙasa ba, amma bai isa ya je ya ga dutsen da ke ƙasar haihuwarsa ba. Ya rako mu bakin mota ya ce, "Ku dai ɗebo mini tsaraba." Muka yi dariya, amma wallahi jikin kowa ya yi sanyi.

Bayan isha'i muka kama hanya, muka wuce Khaibar da Taima, kusan kilomita 700 zuwa Tabuka, sannan wasu kusan 200 zuwa dutsen. Ina ta tuna cewa wannan tafiyar Sahabbai suka yi a shekara ta 9 bayan Hijira cikin tsananin zafi, ga mu nan muna kyarma da hita a kunne.

Gaskiya ƙanƙarar ba ta yi kaurin ta bidiyo ba, a wasu wuraren jan dutse na leƙowa. Ba jirgi, ba katakan zamiya. Farantin da muka ci kabsa a ciki muka wanke muka zauna a kai, muka riƙa sulalowa daga wani ɗan tudu muna ihu kamar yara. Larabawa sanye da farwa suna ta miƙo mana shayi.

Kuskure ɗaya muka yi da nake roƙon kada kowa ya maimaita. Da dare muka shigar da kaskon gawayi cikin tanti muka rufe. Can ɗayanmu ya farka da ciwon kai da jiri, ya tashe mu muka fito waje. Hayaƙin gawayi ba shi da wari, kuma yana kisa cikin barci. Allah ne ya kiyaye.

Bayan dawowarmu, a Fabrairun 2022, Fayik Abdi ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu, a Beijin. A Maris kuma aka sanar da aikin Trojena, wurin zamiya a waɗannan duwatsun, har aka ba shi gasar hunturu ta Asiya ta 2029, kafin a ɗage ta a farkon 2026. Ko an gama ginin, ban sani ba ko irinmu za su iya kuɗin shiga.

Tsarabar kuwa mun cika alkawari. Mun cusa ƙanƙara a cikin kula, amma kafin mu iso Madina rabi ta zama ruwa. Aminina ya tsoma hannu ya damƙo ɗan abin da ya rage, ya riƙe har ya narke, sannan ya ce, "Baɗi da ni za a je, in sha Allahu."

Idan kun ji ta sauka, ku cika tanki, ku ɗauki bargo biyu, ku bar gawayi a waje. Sai mun sake haɗuwa.