Langa, Gayauna da Gayya: Gadon da Yaran Arewa ke Neman Rasawa a Kudu

A unguwannin Hausawa na Kudu, irin su Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, da Ama Hausa a Owerri, akwai ɗimbin yara da aka haifa can, suka tashi can, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, ba su kuma taɓa shiga langa ba. Daga makarantar boko sai ta allo, daga nan sai ɗaki ko bakin shagon uba, ido a kan wayar hannu. Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, watau wasu yaran har kakanninsu a can aka haife su.

Iyaye da yawa kuwa da suka baro gida neman abinci, a kan abubuwa uku suka tashi bayan karatu: wasan dandali, da 'yar gonar yaro ta kansa, da aikin gayya. Su ne suka ba su ƙarfin jiki da juriya da sanin haƙƙin maƙwabci, waɗanda da su suke cin abinci yau a baƙon wuri. Abin tambaya shi ne, me 'ya'yansu za su riƙe?

WASAN DANDALI

Wanda ya tashi a ƙauyen Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san langa. Akan raba yara gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya dinga tsalle da ɗayar. Akan zaɓi ɗaya a kira shi ruwa, 'yan gidansu su kare shi har ya kai wurin sha, abokan karawa kuwa su yi ta ƙoƙarin ka da shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa, to, ya fita. Babu ƙwallo, babu takalmi, babu ko kwabo da za a kashe, amma yaro ya koyi kare ɗan'uwansa, ya koyi faɗuwa ya tashi ba tare da faɗa ba. Da kaka kuma akan yi kokawa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke da 'yar gala-gala a farin wata.

Kada a ɗauka waɗannan wasanni na ƙauyanci ne. Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Ikko a 1973, daga baya an shigar da langa da kokawa da dambe a cikinta, ana ba da lambobin yabo kamar sauran wasanni. Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana. Abin da dandali yake bayarwa ke nan kyauta.

GAYAUNA

A tsarin noman Hausawa akwai gandu, watau gonar gida wadda kowa yake yi wa aiki a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gayauna. Gayauna ita ce 'yar gonar da uba yakan yankar wa ɗansa, ya nome ta da yamma bayan an tashi daga gandu. Abin da ya fito nasa ne. Ko gyaɗa ce ko wake ko kuɓewa, shi zai sayar ya ɗinka rigar Salla, ko ya sayi kaza, kaza ta zama akuya.

Nan ne bambancin gayauna da talla ko bautar da yaro yake. A gayauna yaro shi ne mai gona. In ya yi lalaci ciyawa ta ci shuka, ba sai an doke shi ba, idonsa zai gaya masa. In ya yi haƙuri ya ga amfanin guminsa. Darasi ne da ba a rubuta shi a allo.

Gwamnati ma ta taɓa gane haka. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, inda aka zuga makarantu da magidanta su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya biyo da nasa shirin bunƙasa noma. Shirye-shiryen sun wuce, filayen makarantu da yawa a birane kuwa gine-gine sun cinye su.

Amma rashin fili ba hujja ba ce. Tsohon buhu ko bokitin da ya fashe, in aka cika shi da ƙasa mai kyau da taki, aka huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, ya isa gayaunar yaron birni. Alayyafo cikin mako 3 zuwa 4 ya isa tsinka, kuɓewa kamar wata 2, zogale kuwa reshe kawai akan dasa. Lalo ma, wanda Yarabawa ke kira ewedu, yana da kasuwa a bakin ƙofa. Ga shi kuma damina a Kudu ta fi ta Arewa tsawo. Sai dai a kula, kada a ɗebi ƙasa kusa da garejin makanikai, kada kuma a yi ban ruwa da ruwan kwata. Malamai ma ba su da nisa, don 'yan Arewa sun daɗe suna noman latas da albasa mai lawashi a wajajen Idi-Araba da Ojo.

AIKIN GAYYA

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In noma ya fi ƙarfin mutum, ko tsoho ne ko majinyaci, sai a kira gayya. Samari su fito da garemani, makaɗa suna zuga su, mai gona ya ba da fura da tuwo, ba a biyan kowa lada. Yara su ne masu kai ruwa da abinci, da haka suke shiga sahu. Haka ake yi wajen yashe rijiya da gyaran hanya da sharar maƙabarta.

A birni ma akwai ƙofofin da yaro zai bi ya koyi wannan hali. Akwai ƙungiyar Sikawut, wadda Baden-Powell ya fara a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. Akwai Man O' War, da ƙungiyar Red Cross, da 'yan agajin da ake gani suna tsara jama'a a filin Idi. Yashe kwata da kwashe shara kafin ruwan sama ya sauko kuwa, aikin gayya ne tsantsa, musamman a Ikko inda toshewar magudana ke jawo ambaliya da sauro. Yaron da ya fito da shebur tare da ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo maƙwabcinsa, ya ƙulla zumuncin da zai yi wa unguwa rana a lokacin da hankula suka tashi.

SAURAN NA MANYA

Wannan aiki ba ya bukatar gwamnati. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, masu shanu da masu goro da masu gwari, suna iya roƙon shugaban makarantar unguwa ya bar wa yara fili ranar Asabar, a sami dattijo ɗaya da ya san langa ya tsaya a kansu. Uba yana iya ajiye wa kowane ɗa buhunsa na shuka, mace da namiji. Babban hutun makaranta kuma yakan faɗo cikin Agusta, daidai tsakiyar damina a Arewa. Inda hanya ke da lafiya, mako biyu a gonar kaka ya fi wata guda a ɗaki.

Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya bar wa ɗansa shago ya bar masa jari, amma ƙarfin jiki da haƙuri da son jama'a da za su riƙe shagon, sai an koya masa tun yana ƙarami.