Mene ne zancen zuci, kuma me ya haɗa shi da ƙwarin gwiwa?

Zancen zuci shi ne maganar da mutum ke yi da kansa a ransa. Yakan ƙarfafa gwiwa, yakan kuma sanyaya ta.

Ɗalibin da ke nanata wa kansa "ba zan iya ba", gabansa kan faɗi ranar jarrabawa, ya mance karatunsa. In ya faɗi jarrabawar, faɗuwar sai ta ƙara gaskata zatonsa.

A shekarun 1960, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka ya lura cewa irin wannan mummunan tunani na addabar masu ciwon damuwa. Ya ɓullo da hanyar magani mai koya wa majinyaci tambayar kansa: ina hujjar wannan tunani?

Lamarin kan shafi ɗalibai, 'yan wasa da masu neman aiki. Duk wanda zancen zuci ya hana barci ko aiki, ya ga likita.