Mene ne kummeli?

Kummeli alama ce ta matuƙan jiragen ruwa a ƙasar Finland. Tarin duwatsu ne da ake jerawa a bakin gaɓa ko kan tsibiri, a shafe da farin fenti. Ba shi da fitila, saboda haka da rana yake aiki. Matuƙi ya hango shi daga nesa, ya duba taswira, sai ya gane inda yake tsakanin dubban tsibirai masu kama da juna.

Sunan kuwa aro ne daga yaren Sweden, inda "kummel" ke nufin tarin duwatsu. Ba abin mamaki ba ne, tunda Finland ta kasance ƙarƙashin sarautar Sweden har 1809. Yanzu ana yin wasu da alluna, amma sunan bai canja ba.